Sallau Magajin Jambori

Wani mutum ne a Dambatta, Sallau, wanda shekara ɗaya tak ya yi a Ikko, amma ya dawo da Turancin da ya fi ƙarfin garin. Ran nan a majalisa aka ce Alhaji Maikano na neman wanda zai riƙe lasifika a bikin ɗansa. Sallau ya gyara hula, don ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wannan matsayi.

"Kun san jambori?" in ji shi.

Bai jira amsa ba, ya ci gaba:

"Ina fa za ku sani. Kalmar Turawa ce, shagali mai hayaniya ke nan. Su kansu Turawan ba su san asalinta ba. To, sunan gangar kakana ne."

Abokinsa Ilu ya ce, "Kakan naka mai sai da daddawa?"

"Kafin daddawar! Wani Bature ya zo bikinsa, aka buga gangar nan, aka saki bindigogi, sai da ya koma ƙasarsu kunnensa ya buɗe. Mu a cikin ƙara aka haife mu. Ni in ba a harba bindiga ba, barci ma ba ya ɗaukata."

Magana ta kai kunnen Alhaji, ya ce ai an samu gwani. Don ya faranta wa gwani rai, har maharba ya gayyato a ɓoye, su tari ango da bindigar toka.

Ranar biki Sallau ya sha babbar riga ta aro, aka maƙala masa abin magana marar waya a wuya. Yana ta zuba, yana juyi kamar zakara.

"Jama'a, yau za ku ga jambori na asa..."

Daram!

Hayaƙi ya washe. Ga hula, ga takalmi ƙafa ɗaya, babu Sallau. Makaɗa suka tsaya, aka shiga waige-waige. Can sai manyan lasifikoki suka fara haki, fuu, fuu. Aka ji kukan akuya, mee, ya cika filin. Ashe gwanin namu cikin garken awakin da ke bayan gidan ya faɗa, ya manta da abin da ke wuyansa.

Alhaji, ango, surukai, kowa ya kasa kunne. Sai muryar Sallau ta fito tar:

"Matsa mini, baiwar Allah. In an tambaye ki, ki ce ba ki gan ni ba."