Ƙafar Giwa da Bakin Tabawa

A wani daji da dabbobinsa ba su da abin so kamar taro, akwai wata tsohuwar doka: ƙaramar dabba ba ta magana a majalisa da bakinta. Sai dai ta raɗa wa Dila, shi kuma ya gyara zancen ya miƙa wa manya. Dila kuwa gwanin gyara ne, in ka ba shi kuka sai ya mayar da shi kirari.

Wata safiya aka zauna don gano abin da ke sa ramukan ƙananan dabbobi yawan ruftawa. Giwa, shugabar majalisa, ta zaɓi wuri mai laushi ta tsaya. Wurin nan kuwa saman ramin su Tabawa ne, wata 'yar kurege mai kunya, wadda ko gaisuwarta sai an kasa kunne ake ji. Ƙanenta Bawa yana ciki yana barci, ga ƙafar Giwa ta toshe ƙofar.

Tabawa ta lallaɓa wurin Dila ta ce, "Kawu, don Allah ka ce ta ɗaga ƙafa, ƙanena na ƙasa."

Dila ya gyara murya. "Ranki ya daɗe, yarinya na cewa duk inda kika sa ƙafa, talaka ya sami rufin asiri."

Giwa ta ji daɗi, ta ƙara gyara tsayuwa. Ƙasa ta fara zubewa cikin ramin.

Kura ta miƙe ta ce, "Ni a ganina laifin masu ramukan ne, ba sa haƙa mai inganci. A kafa kwamiti ya kawo rahoto bayan damina." Aka yi ta gyaɗa kai.

Tsoro ya kama Tabawa, amma tsoron rasa Bawa ya fi na manya ƙarfi. Ta haye kan suri, ta buɗe baki.

"Iya Giwa, kin taka mana gida! Ƙanena na ciki. Ki ɗaga ƙafarki ta hagu."

Giwa ta janye ƙafa da sauri. "Ashsha, 'yar nan, me ya hana ki faɗa tun ɗazu?"

"Na faɗa, Iya. Gyarawa aka yi."

Bawa ya fito buɗu-buɗu da ƙasa yana atishawa, yana tambaya ko an sauke abinci. Tabawa ta rungume shi, daɗi ya cika ta, har da 'yar dariya.

Majalisa ta yaba ƙwarai da ƙarfin halin yarinyar. Kafin a tashi aka amince cewa daga ranar kowane yaro zai iya magana da bakinsa, muddin ya nemi izini ta hannun Dila.