Yadda Na Busar da Gonar Kawu Sale

Ko tsufa zai kwashe min tunani, ba zan taɓa mantawa da damunar da na busar da gonar kawuna ba, ni kaɗai, ina kishingiɗe a kan katifa a Gwarzo.

A shekarar na sayi waya mai kyamara uku a baya, nan take na naɗa kaina mai ɗaukar hoto. Ba hoton mutane ba (a ganina wannan aikin masu bin gidajen biki ne), hoton gonaki da duwatsu da gajimare. Na sauke manhajar gyaran hoto, na tarar da maɓallai rututu, ban san ko ɗaya ba. Sai na gano abin da ake kira firiset: launi ne da wani ya riga ya haɗa, kai naka kawai ka danna, hoton ya rikiɗe. Akwai ɗan'uwansa furofayil, wanda har yau ban gama sanin bambancinsu ba, amma a lokacin har lacca nake yi wa abokai a kansa a majalisa.

Gonar da ake magana tana Kutama. Ta Kawu Sale ce, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwa a Kaduna, mutumin da hawan jininsa ke jiran uzuri. Ƙaninsa Kawu Idi ne ke kula masa da ita, kuma dama tsakaninsu sai a hankali.

Wata safiya bayan ruwa na hau babur na je na ɗauki hotonta. Masara ta yi kore shar, ta fi ni tsayi. Da na dawo gida na duba, sai hoton ya yi min kama da na kowa. Na bi firiset ɗaya bayan ɗaya har na faɗa kan wani da aka yi don itatuwan ƙasar Turawa, lokacin da ganyensu ke yin ja kafin ya zube. Na danna. Koren ya koma ruwan ƙasa mai ja-ja, sama ta yi duhu. Na ja ƙarfinsa har ƙarshe, don ban ga amfanin rabin abu ba. Na tura zauren danginmu na waya, na rubuta a ƙasa: "Gonar Kawu Sale a yau."

Saƙonni suka fara shigowa kamar ƙanƙara. Na ƙi buɗewa, wai kada a ce ƙwararre yana zaune yana jiran yabo. Kafin in gama jan aji, data ta ƙare. Na wuni ina yawo a gari da tafiyar wanda ya yi suna.

Washegari da hantsi Inna ta leƙo ɗakina da mayafi a kafaɗa.

"Tashi ka kai ni Kutama. Yaya Sale ya taho tun asuba. An ce gonarsa ta ƙone ƙurmus, wata cuta ce ta shiga."

Na ce, "Subhanallahi, yaushe? Jiya fa na gan ta lafiya." (Allah ya sani, har a lokacin ban haɗa lissafin ba.) A hanya har nasiha na riƙa yi wa Inna a kan ƙaddara.

Mun tarar da motar Kawu a bakin gona da 'yan jaje sun kusa cika inuwar ɗorawa. Masara kuwa tana nan tana kaɗawa, kore kamar ta yi magana. Kawu Sale ya tsaya, ido ɗaya a gona, ɗaya a waya. Kawu Idi yana gefe, muryarsa ta dushe.

"Yaya, jiya na rantse maka har na gaji. Ka ce min maƙaryaci a gaban iyalina."

"To ni da idona na ga hoto," in ji Kawu Sale. "Ko wata gonar ka kawo ni?"

Sai ya ɗago ya gan ni. Ya miƙo min wayar ba tare da ya amsa gaisuwata ba. Ga hotona, a ƙasansa dangi sun jera salati da "Allah ya mayar da alheri". Wata gwaggonmu a Kabo har ta sanar cewa ta sa an yi addu'a.

"Kai ka ɗauki wannan?"

"Ni ne, Kawu."

"Yaushe ta bushe, yaushe ta farfaɗo?"

Na ce, "Ai firiset ne."

Wani dattijo ya tambaya ko irin tsutsar nan ce mai cin masara. Dole na durƙusa a tsakiyar jama'a, na buɗe manhajar, na nuna musu: in na danna, gona ta mutu, in na saki, ta dawo. Waya ta zaga hannu-hannu, kowa ya kashe gonar ya raya ta. Kawu Sale ya kalle ni, ya ce, "Wato Allah ya yi ta kore, kai ka duba ka ga bai yi maka ba." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Har yau tana cewa kunya ce, amma na ga kafaɗunta suna rawa.

A gaban kowa Kawu Sale ya ba ƙaninsa haƙuri, abin da aka ce ba a taɓa gani ba tun suna yara. Ni kuma aka sa ni na bi 'yan jaje ɗaya bayan ɗaya ina neman afuwa, na sayi data na yi wa zaure bayani.

Za mu tafi, Kawu Idi ya ja ni bayan mota, ya rage murya.

"Wannan abin naka, yana iya mayar da busasshe kore? Akwai wata gyaɗa da nake duba wa wani Alhaji a Garo."

Na ce masa ban kai wannan darasin ba.

Har yanzu ina gyaran hoto, sai dai na rage hannu, kuma ba na tura wa kowa sai da na asalin a gefe. Na fahimci cewa launin da aka haɗa don dajin wasu, in ka shafa wa gonar kawunka, to ka fara tabbatar da cewa ya sha maganinsa na hawan jini.