Ranar da Na Buɗe Hanyar Keke a Titin Bauchi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar ɗaurin auren Yaya Sani, a shekarun da motoci suka fara yi wa Jos yawa. Kawu ya ɗaura min kwandon goron ɗaurin aure a bayan kekena daga Laranto, ya ce, "Yi gaba, kai gosulo ba ya riƙe ka. Kafin azahar goron nan ya isa gidan amarya." Su kuma suka biyo a mota.

Ina hawa Titin Bauchi na tarar an cushe, sai hon da zage-zage. Can na hango layi biyu na farar ƙasa a gefen titi, sun miƙe sambal, faɗinsu daidai keke. Dama wani malaminmu ya taɓa ce mana a Turai keke hanyarsa daban (ni kuwa ba a faɗa min abu sau biyu). Na ce ashe ci gaba ya iso Jos ba a sanar da ni ba!

Na shiga ina kaɗa ƙararrawa, har ina korar masu tafiya a ƙafa: "Ku kauce, ta masu keke ce!" Wani Inyamuri mai shago ya fito yana ihu, "Malam, tsaya! Gaba ba kyau!" Na ce hassada ce. Leburori suka ɗago min hannu, ni ma na ɗaga musu.

Sai kawai ƙasa ta ƙare.

Na tsinci kaina a cikin rami, tsamo-tsamo cikin jan taɓo, keke a kaina, goro ya watse. Shugaban leburorin ya leƙo ya ce, "Lambatu muke haƙawa, layin nan alamarmu ce." Wallahi kaina bai dawo daidai ba, don cewa na yi, "To ta ina hanyar keken ta ci gaba?"

Ina cikin tsintar goro motar su Kawu ta rarrafo ta tsaya daidai kaina. Ya dube ni, ya dubi ramin, ya ce, "Sannu, injiniya." Na so ƙasar ta ƙarasa haɗiye ni.

Sai bayan la'asar aka ɗaura auren, da wankakken goro mai ɗanɗanon ƙasa. Sunan injiniya kuwa har jikokina sun san shi.

Tun ranar, in gari ya cushe na ga hanya fetal ba kowa, sai in ja birki. Ba fin mutane wayo na yi ba, riga ni ganin ramin suka yi.