Kunnen Zinare Ya Zaɓi Amfilifaya

Cikin bayin Allah akwai waɗanda aka ba dukiya, akwai waɗanda aka ba ilimi. Shi kuwa Yallaɓai Mataimakin Darakta kunne aka ba shi. Ba irin nawa da naku ba, na jin sallama da tsegumi. Kunne ne wanda in cokali ya faɗi a kicin, daga falo zai gaya maka na shayi ne ko na cin abinci. In ka je ka tarar ludayi ne, to ludayin ne ya yi ƙarya. Shi ya sa ake ce masa Kunnen Zinare. Wanda ya raɗa masa sunan kuwa mutum ne mai gaskiya da sanin darajar manya, wato shi da kansa.

A ofis aikinsa buga hatimi, kuma ya sha faɗa cewa daga ƙarar hatimin yake gane takardar kirki da ta banza. Amma wannan duk neman abinci ne. Ainihin baiwar sai ranar Asabar da yamma take fitowa, a garejin wani mai kemis, inda dattawa masu tumbi ke haɗuwa su yi gwajin kiɗa. Mai Kemis shi ne shugaba, shi ke danna fiyano. Ƙanin matar Yallaɓai ke dukan ganga. Akwai mai waƙa, akwai wani mai kaɗa jitar nan mai kaurin murya, mutumin da ba ya magana. A gaban kowa kuma, ƙafa ɗaya bisa tsohuwar taya, Kunnen Zinare ne da jitarsa ta lantarki.

Kai, wanda bai ji kiɗan nan ba bai ji komai ba. Da ya taɓa tsirkiya karen maƙwabta zai shige ƙarƙashin mota, abin da Yallaɓai ya fassara da cewa ko dabba ta san girma. Kullum yakan riga kowa isa ƙarshen waƙa, sai ya tsaya yana jiran sauran cikin haƙuri irin na manya. Sauran kuwa sun daɗe da daina sanin ko waƙa ɗaya suke kaɗawa da shi, domin ba mai jin ko numfashin kansa.

Ana nan sai wani likitan haƙori ya tare a layin. Mutum ne shiru-shiru, shi ma yana taɓa jita, kuma yana da wani mugun hali: inda waƙa take, nan yake kaɗawa. Aka bar shi ya riƙa tsayawa a baya kusa da tsintsiya. Ba a jima ba wani kamfani ya gayyaci ƙungiyar ta yi wasa a liyafarsa. Mai Kemis ya yi gyaran murya har sai da aka miƙa masa ruwa, sannan ya ce a gwaji na gaba Yallaɓai da Likita za su kaɗa tare, 'yan ƙungiya su ɗaga hannu su zaɓi wanda zai tsaya a gaba. Wanda ya faɗi shi zai riƙa naɗe wayoyi.

Naɗe wayoyi! Mataimakin Darakta guda. Yallaɓai ya cire gilashi, ya dube su ɗaya bayan ɗaya da tausayi.

"Ban ga laifinku ba," in ji shi. "Ku ai ba ku taɓa jin kiɗana ba. Abin da kuke ji duk shekarun nan ra'ayin wannan tsohon akwatin ne." Ya nuna amfilifayarsa, wato akwatin ƙara sautin jita, da ƙafa. "Kiɗa yana fita daga hannuna tsarkakakke, sai ya shiga nan a ɓata masa suna."

Washegari ya tafi shagon kayan kiɗa. Mai shagon dattijo ne mai zaƙin baki, yana ganin tumbi da agogo ya jawo kujera. Ya yi bayani cewa yanzu an yi wata irin amfilifaya mai kwamfuta a ciki, wadda ke kwaikwayon muryar amfilifayoyi ɗari da ɗoriya, tsofaffi da sababbi, ka murɗa nan ta zama wannan, ka danna can ta zama waccan. Akwai ƙarama ta koyo a ɗaki, akwai matsakaiciya da za ta ishi gida da gareji. Ya miƙo jita ya ce Yallaɓai ya gwada ya ji.

Yallaɓai ya ƙi. Ya ce ba ya kiɗa a bainar jama'a kyauta, ga shagon cike da samari masu satar salo. Maimakon haka ya bi akwatunan yana ƙwanƙwasa su da yatsa kamar mai zaɓen kankana. Wata ya ce ba ta da tarbiyya. Wata ya shinshina ya girgiza kai. Matsakaiciyar ya kara kunne a jikinta, a kashe take, ya saurara tsawon lokaci, ya ce muryarta tana da kyau amma ba ta da zurfin tunani. Can a lungu ya hango wata ƙatuwa da aka yi don filin wasa, fitilu a jikinta ja da kore da shuɗi.

"Wannan ta gane ni," ya ce.

Mai shago ya rantse shi ma ya ga lokacin da ta gane shi. Ƙarti biyu suka ɗauke ta zuwa mota, har sai da bayan motar ya zauna don nauyi.

A gida ya girke ta tsakiyar falo ya kunna, ya ja tsirkiya sau ɗaya tak. Kofunan da ke cikin kabad suka amsa. Hoton aurensu ya karkace. Matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu, ba ta ɗaga murya ba, ta ce Baban yara ya zaɓa, ko akwatin ya yi shiru ko ita ta tafi gidan yayarta har sai ya yi ritaya daga fasaha. Yallaɓai ya yi nazari, ya ga akwatin bai iya girki ba. Aka samo hedifon, wannan da ake kifawa a kunnuwa. Bakin wayarsa siriri ne, ramin da ke bayan amfilifayar kuma mai faɗi, sai da aka haɗa da wani ɗan ƙarfe kamar kan biro. Da an cusa ɗan ƙarfen nan a ramin, lasifikar takan ɗauke ɗif, sauti ya koma kunnen mai shi kaɗai. Gida ya samu lafiya.

Daga nan aiki ya kankama. Ba koyon waƙar da za a kaɗa ba, a'a, wannan na ƙananan makaɗa ne. Zaɓen murya. Yallaɓai ya bi muryoyin nan ɗari da ɗoriya yana yi musu tambayoyi kamar masu neman aiki. Ya kori wasu, ya ƙara wa wasu girma, ya sake musu suna. Akwai Tsawar Darakta. Akwai Hawayen Zaki. Akwai wata mai amsa-kuwwa da ya sa wa Taron Gaggawa, domin duk abin da ka faɗa sai ta maimaita shi sau da yawa ba tare da ƙarin ma'ana ba. Wata rana ƙanin matarsa ya leƙo ya ce, Yaya, ko za mu ɗan bi waƙar tare? Yallaɓai ya ɗaga hedifon gefe guda ya ce waƙa ce ya kamata ta biyo shi.

Asabar ta zo. Yana sauri ya fizge wayar hedifon ya jefar kan kujera. Wayar ta fita, ɗan ƙarfen ya zauna abinsa a cikin ramin, a baya inda ba mai dubawa.

A gareji aka ture kayan Mai Kemis don akwatin ya samu wuri. Yallaɓai ya murɗe kowane abin murɗawa har ƙarshe, fitilu suka kama walƙiya. Mai Kemis, da yake ɗan sana'a ne, tun a gida ya haɗiyi maganin ciwon kai. Sai Kunnen Zinare ya zaro auduga daga aljihu ya danna a kunnuwansa biyu, ya tura da ɗan yatsa.

"Kunne irin wannan amana ne," ya faɗa da ƙarfi, don ba ya jin kansa. "Ba zan bar gangar wannan yaron ta lalata wa al'umma shi ba. Ku fara. Wanda ya ji tsoro ya riƙe bango."

Aka fara. Kowa ya ƙanƙame kafaɗa yana jiran Tsawar Darakta. Shiru. Hannun Yallaɓai na ta kai da kawowa a kan jita, kai na kaɗawa, tumbi na rawa, amma ko ƙis bai fito daga akwatin ba. A hankali kafaɗu suka sauka. Mai waƙa ya ji muryarsa, ya yi mamakin ashe ba laifi. Mai Kemis ya gano cewa waƙar tana da wani sashe mai daɗi a tsakiya da bai taɓa sanin da shi ba. Karen maƙwabta ya zo bakin ƙofa ya zauna.

Sai aka iso wurin da babbar jita ke yin nata ita kaɗai. Yallaɓai ya matso gaba, ya runtse ido, ya durƙusa da gwiwa ɗaya da ƙyar. Likitan Haƙori ya duba hagu ya duba dama, ya ga wuri fayau ba kowa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cike giɓi ba zai iya kallon wannan ba. Daga inda yake kusa da tsintsiya ya sunkuyar da kai ya kaɗa wurin, tsaf, mai sanyi, har ƙarshe.

Ta cikin auduga kiɗan ya isa kunnen Yallaɓai. Wallahi sai ga hawaye. Shekara da shekaru yana gaya wa mutane shi gwani ne, amma bai taɓa zaton abin ya kai haka ba. Waƙa ta ƙare yana durƙushe yana shessheƙa, sai da mutum biyu suka kama shi ya miƙe.

Ƙanin matarsa ya zagaya bayan akwatin don ya ga abin da ya lalace. Ya ga ɗan ƙarfen. Ya yafito Mai Kemis, suka tsaya suna kallonsa tare. Mai ganga ya kai hannu zai zare, Mai Kemis ya damƙe masa wuyan hannu, ya girgiza kai a hankali.

Da aka zo ɗaga hannu, ba a ko gama tambaya ba hannuwa suka tashi, na Likita ya riga na kowa. Kunnen Zinare zai ci gaba da tsayawa a gaba. Sharaɗi ɗaya ne, in ji Mai Kemis: saitin nan ya yi daidai, kada a sake taɓa komai a jikin akwatin, gaba da baya. Yallaɓai ya ce ba sai an roƙe shi ba, ya san akwai mahassada. Shi da kansa ya sa aka kawo salatif, ya tsaya a kai har mai ganga ya liƙe bayan akwatin ruf.

Yana fita ya tsaya wajen Likitan Haƙori, ya zare audugar kunne ɗaya, ya dafa masa kafaɗa irin ta uba.

"Likita, kada ka karaya. Na lura hannunka yana ta motsi, amma gaskiya ko kaɗan ban ji ka ba. Ka nemi amfilifaya ta kirki. In ka shirya ka zo, ni zan zaɓa maka."

Likita ya ce ya gode, zai duba.