Cigiyar Mai Shiƙar Dawa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a Bakori, ranar da na zubar da mutuncin shekara tara a gidan surukaina, da bakina, ba wanda ya tilasta ni. Bari dai in faro daga farko.

Ni malamin firamare ne a Funtuwa. Wata Talata da kaka, an fita hutun ƙarfe tara, ina zaune a ofishin malamai ina murza waya (ni da kullum nake yi wa 'yan aji shida faɗa a kan wayoyin iyayensu), sai wani ɗan gajeren bidiyo ya faɗo mini. Bai kai rabin minti ba. Babu fuska a ciki, hannuwa biyu ne kawai da jan lalle, sun ɗaga ƙwarya sama, dawa tana zuba a hankali, iska tana ɗauke ƙaiƙayi, ga hasken la'asar ya kwanta a jikin wani rumbu. Sai murya. Mace ce take rera waƙar aiki ƙasa-ƙasa, babu kiɗa babu komai. Wallahi na manta a ofis nake. Har ƙanshin sabuwar dawa na ji, na ga kaina ina yaro a gonar kakana, ina kwance a kan kara ina kallon gajimare.

Ana haka hedimasta ya yi sallama. Na yi firgigit, yatsana ya goge fuskar wayar, bidiyon ya tafi. Da na sake dubawa, wani mai tallar maganin basir na tarar yana ɗaga mini kwalba.

Mako uku na yi ina nema. Na rubuta "mai shiƙa", na rubuta "waƙar dawa", har "hannu mai lalle" na rubuta, Allah ya yafe mini. Aka yi ta kawo mini masu tallar taki da masu ƙunshin amare. Ita kuwa muryar ta ƙi barina. A kan babur ina jin ta, ina rubutu a allo ina jin ta. Sannu a hankali na ƙera mata mai ita a raina: yarinya ce doguwa, 'yar wani ƙauye a bayan Maska, mai kunya, ba ta son a ga fuskarta. Ba wai ina da wata manufa ba (haka nake gaya wa kaina). Matata Rabi ta taɓa tambayata wace waƙa ce nake ta gunguni, na ce ta 'yan makaranta ce.

Ranar Asabar ɗin aka ɗaura auren wani ɗan kawun Rabi a gidansu. Bayan an watse, muka zauna cin shinkafa a ɗakin soro da ƙannenta biyu, Nasiru da Bashir. Nasiru gyaran waya yake yi a Malumfashi, sai na ga dama ta samu. Da ma ƙannen mata abokan wasa ne, ga ciki ya cika, baki ya buɗe.

Na kwatanta musu bidiyon tun daga ƙwarya har ƙaiƙayi. Da na tsaya nan, da lafiya lau. Amma ina! Sai na ce, "Nasiru, muryar nan idan mutum ya ji ta, sai ya manta yana da iyali. Yarinya ce, ba ta wuce ashirin ba, a jikina nake ji. Da ina saurayi, wallahi da ƙafa zan taka har garinsu."

Suka fashe da dariya. Bashir ya ce, "Lallai Malam! Sai mun gaya wa Yaya Rabi."

Nasiru ya goge hannu ya ce, "Kawo wayar. Ai duk abin da ka kalla tana ajiyewa, kai ne ba ka san ƙofar ba."

Ya latsa nan, ya latsa can, sai ga wani wuri wai shi tarihin kallo. Duk abin da idona ya taɓa gani yana jere, rana bayan rana. Ya yi ta ja yana wucewa da dambe, da girke-girke, da wani mai kwaikwayon kukan akuya wanda ashe sau huɗu na kalla. Can ya tsaya. "Wannan?"

Ita ce. Na ce ya ƙure murya. Na jingina da bango na lumshe ido, dawa tana zuba, muryar tana tafiya da ni, har kaina nake kaɗawa.

Da na buɗe ido, ba mai dariya. Bashir ya ajiye cokali. Nasiru ya ce, "Malam, ka ga rumbun nan na cikin bidiyon?"

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "To leƙa ta taga."

Na leƙa. Ga rumbun nan a tsakar gida, da tsagewarsa ta gefe da komai.

Ya ce, "Hajiya ce. Ranar da aka kawo dawa daga gona matata ta ɗauke ta a waya ta ɗora, ita Hajiyar ba ta ma sani ba."

Hajiya. Mahaifiyar Rabi. Surukata, mai jikoki goma sha.

Kafin ku yi mini dariya, ku tsaya ku ji uzurina. Shekara tara ina zuwa gidan nan, ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskar Hajiya ba, balle hannunta. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa, in gaishe ta, ta amsa daga bayan labule, "Lafiya lau, an zo lafiya?" Shi ke nan, ta gama. Ta ina zan san tana da murya irin wannan?

Na kama hannun Nasiru ina roƙo, don Allah don Annabi maganar ta mutu a ɗakin nan. Ashe na makara. Tagar a buɗe take, matan da ke kwashe abinci a tsakar gida sun ji komai tun daga "yarinya ce". Wata gwaggon Rabi ta rangaɗa guɗa, gidan ya ɗauki shewa. Gumi ya jiƙa mini babbar riga sharkaf.

Na so in sulale in hau babur, amma suruki ba ya barin gida bai yi sallama ba. Rabi ta zo ta wuce gaba, ko kallona ba ta yi ba, na bi ta kamar wanda za a yi wa allura. Na durƙusa a inda na saba. Na ce, "Hajiya, za mu koma."

Ina jin motsin mata a bayan labule suna danne dariya. Can Hajiya ta yi gyaran murya, kuma kamar kullum, ba da ni ta yi magana ba.

"Rabi, ki ce masa an gode, Allah ya yi albarka. Shekara arba'in ya rage mini a zama ɗaya. Ko Alhaji bai taɓa yi mini wannan alherin ba."

Ban san yadda na sa takalmi ba.

A hanya Rabi tana bayana a babur. Ni ina jiran faɗa, har na shirya rantsuwa. Sai da muka hango Funtuwa ta matso kusa da kunnena ta ce, "Malam, wurinta na koyi waƙar nan. Shekara tara ina rera ta a kicin ɗinka. Ko sau ɗaya ba ka ɗaga kai ba."

Wannan ta fi guɗar gwaggo zafi.

Na dai koyi darasi. Kafin ka yaba muryar mace a gaban maza, fara tambaya ko uwar wani ce a cikinsu. Wadda kuma take waƙa a gidanka, ajiye wayar ka saurare ta, ita wannan ko ka yaba ba mai yi maka guɗa.