Cindo da Mota Mai Ɗaki

A Dutsen Makau akwai gidan da ake kira gidan Shekarau mai allurar shanu. Shekarau da iyalinsa suna sashen gabas, ƙanensa Cindo da matarsa Lantana suna sashen yamma. Cindo ya ba shekara talatin baya. Ga ƙarfi, ga noma, ba ya ƙarya kuma ba ya faɗa da kowa. Aibinsa guda ne: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta ya tafi da ita. Lantana ta daɗe da gane halinsa, don haka takan tauna magana sau biyu kafin ta aike shi. Shekarau kuwa yakan manta.

Shekara ashirin Shekarau yana bin rugagen Fulani a kan babur, da akwatin magani ɗaure a baya. Ran nan babur ya kayar da shi a gangaren rafi, cinya ta karye. Maɗori ya ɗora, ya ce wata uku a kwance, kuma shi da doguwar tafiya a babur sun yi sallama. To, shanu ba sa biyo mai allura gida. Yana kwance ya tuna da wata irin ƙaramar mota da ya taɓa gani a Zariya, mai gado a ciki da murhu da ɗan firji, wadda mutum zai shiga daji da ita ya yi kwana uku magani bai lalace ba. Ya sa aka sayar da bijimai biyu da gonar fadama. Iyakar abin da gidan ya mallaka ke nan, in aka sayo ruɓaɓɓiya kowa ya zauna. Kuma ba wanda za a aika sai Cindo.

Wata rana Shekarau ya kira shi ya ce, "Ka tafi Zariya wurin Alhaji Isiyaku, dillalin motoci 'yan Kwatano. Ka ce ya nuna maka mota mai ɗaki, ƙarama." Cindo ya tafi. Alhaji ya kai shi ƙarshen fili inda motoci biyu suke a jere, fara da shuɗiya, ya buɗe ƙofofinsu ya ce, "Ga su nan, duk masu ɗaki ne." Cindo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa, ya gaishe su da gida da gajiya. Alhaji ya ce, "Malam, shiga mana ka gani."

"Alhaji, mai ɗakin wa ce?"

"Kamar yaya?"

"Ni ba na shiga wurin matar mutum mijinta ba ya nan."

Ya koma gida da yamma. Shekarau ya tambaye shi yadda cikinsu yake, ya ce, "Na same su lafiya, Yaya. Sai dai duk da aurensu."

Wata rana, bayan an zaunar da shi an yi masa bayani, sai maganar gado ta taso, domin Shekarau dogo ne. Lantana ta yanko karan dawa daidai tsawonsa. Shekarau ya ce, "Ka ɗora wannan a kan gadon motar. In ya shiga, ni ma zan shiga." A tasha kwandasta ya dubi karan ya ce, "Malam, wannan ba zai shiga bas ba, karya shi biyu." Cindo ya karya. Ba su yi nisa ba wata mata a gabansa ta ce yana tsokale mata wuya, ya ƙara karyawa. Ya ƙara. Da ya isa, ya jera guntaye huɗu a kan gadon farar, ya jera a kan na shuɗiyar, ya kwashe abinsa ya dawo.

"Ka shiga, Yaya, har da ragowar wuri," in ji shi. "Amma sai an karya ka huɗu."

Shekarau ya dubi cinyarsa ya ce, "Ai an riga an fara."

Daga baya ya kira Alhaji a waya ya sa aka auna da igiya. Gadajen duka sun isa. A wayar ne kuma Alhaji ya gaya masa bambancin da ya fi gado muhimmanci: farar gas take sha, wato dizal, shuɗiyar fetur.

Ila bakanike, wanda yake gyaran motocin kasuwa a bakin tasha, ya zo dubiya aka sa shi a maganar. Ya ce mai gas tana da ƙarfin ja, tana da jimiri, kuma tanki ɗaya zai kai ta nesa. Amma ranar da famfon manta ya yi gardama, sai an ja ta zuwa birni, kuma kayan gyaranta ba na talaka ba ne. Mai fetur kuwa duk bakaniken ƙauye ya san cikinta, manta ko a galan za a samu a kowace kasuwa, sai dai tana da shan mai. Shekarau ya kwana biyu yana juya maganar. In ya tuna hawan Dutsen Makau da damina sai ya ce gas, in ya tuna nisan rugage da birni sai ya ce fetur.

Wata rana ya ce, "Cindo, je ka gano mini wadda ta fi shan mai a cikinsu." Cindo ya sayi kwalbar fetur da kwalbar gas a hanya. Ya ari kwano biyu wurin mai tuwon da ke bakin filin Alhaji, ya zuba, ya ajiye wa kowace mota nata a gaba. Ya koma gindin bango ya zauna, tun hantsi har la'asar, ga rana ta buɗe. Fetur ya yi ta tashi a iska, gas yana nan yadda aka zuba shi. Sai da Alhaji ya dawo daga masallaci ya ga wani yana shirin kunna sigari kusa da kwanon, sannan aka san abin da ake ciki. Aka kori mai sigari, aka kusa haɗawa da Cindo. Mai tuwo ta sa shi wankin kwanoninta da toka sau uku, duk da haka masu ciniki sun yi kwana biyu suna cewa miya tana warin tasha.

A gida Cindo ya ce, "Shuɗiyar ta sha fiye da rabi, ban ma ga lokacin da ta sunkuya ba. Farar ko kallon nata ba ta yi ba."

Wata rana Ila ya ce wa Cindo, "Inji ba ya ɓoye ciwonsa. In ka saurara da kyau shi zai faɗa maka." Cindo ya je ya roƙi Alhaji a tayar da su. Alhaji ya tayar da farar, bai bar ta ta yi minti biyu ba ya kashe, ya ce mai yana da tsada. Cindo ya kara kunne, ya tambaye ta sau uku, "Ina ke miki ciwo?" Mutane suka taru suna kallo. Da ya dawo ya ba da rahoto: farar abu ɗaya take ta maimaitawa, kawo-kawo-kawo, amma ba ta faɗi abin da za a kawo ba. Shuɗiyar kuwa mai kunya ce, numfashi kawai take yi.

Ana haka hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ardo biyu suka aiko suna tambayar ranar rigakafi, ɗayan ya ce in ba hali zai nemi wani. Shekarau ya yanke shawara a kan farar, saboda hawa da laka.

Wata rana, ranar Juma'a ce, ya kira Cindo ya miƙa masa kuɗin a jakar da Lantana ta ɗinka. Ya ce, "Farar za mu ɗauka. Amma kafin ka ba shi ko kwabo, ka bi bayanta tukuna." Nufinsa Cindo ya tambayi wanda ya taɓa riƙe ta da yadda takardunta suke. Cindo ya sa farar rigarsa ta Juma'a, wadda Lantana ta kai wa mabugi da kanta, ya tafi. Ya ce wa Alhaji, "Na zo da kuɗi. Amma sai an tuƙa ta na bi bayanta." Alhaji ya ga jaka, ya yi dariya, ya ce wa direbansa ya zaga da shi ya huce. Direba ya fita a hankali, Cindo yana biye da gudu-gudu, daf da bututun hayaƙi. Suka wuce kasuwa, suka wuce gada. Direba ya leƙo ya ce, "Ya isa?" Cindo ya ce, "Yaya bai ce iya ina ba." Suka ci gaba. A wani hawa bayan gari injin ya ɗauki zafi, direba ya taka, motar ta yi ta amayo hayaƙi har masu babur suna kaucewa. Cindo bai kauce ba. Sun fi awa guda kafin su dawo, kuma da ƙyar Alhaji ya gane shi, ban da haƙora ba abin da ya rage fari a jikinsa.

"To, ka bi bayanta," in ji Alhaji. "Kawo kuɗin."

"Yaya ya ce kafin in biya in bi bayanta. Na bi. Bai ce in na bi in biya ba."

Alhaji ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kira wayar Shekarau ba ta shiga ba. Cindo ya rungume jaka ya kama hanyar tasha. Kafin ya isa gida an sayar da farar ga wani mai kai kaji Legas.

Ranar Shekarau ya yi faɗan da bai taɓa yi ba. Ya ce shi ya jawo wa kansa da ya aiki wanda ba a aikowa, ya ce ga damina ta zo, ga mota ta tafi, ga Fulani za su koma wa wani. Cindo yana tsugune yana ta cewa, "To, Yaya." Lantana ta sa shi ya tuɓe. Ta karɓi rigar ta shanya a kan igiya, ta tsaya tana kallonta, domin ba ta san ta inda za ta fara wanki ba.

Da safe Ila ya shigo jin yadda aka kwashe. Ya wuce rigar, sai ya dawo. Ya murza bakinta da yatsa biyu, ya duba, ya sansana. Ya ɗauke ta ya kai ɗakin Shekarau.

"Malam Shekarau, shafa nan."

"Na gani, ya ɓata riga."

"Hayaƙin gas toka yake bari, a kaɗe ya fita. Wannan maiƙo ne. Baƙin man inji take ƙonawa, har tana tofarwa. Shi ya sa ba a barinta ta yi zafi. Injin nan ya gama, fenti ne kawai ya rage."

Shekarau ya shafa, ya ga baƙin maiƙo a yatsunsa. Bayan mako biyu labari ya iso tasha cewa injin farar ya buga a hanya da kaji ɗari uku a ciki, kuma kuɗin wani injin ya kusa kuɗin motar. A lokacin Ila ya riga ya je da kansa, ya tuƙa shuɗiyar har ta yi zafi, ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya kawo ta ƙofar gida. Tana shan mai kamar yadda aka faɗa, kuma a hawan Dutsen Makau sai an lallaɓa ta, amma rigakafin bana bai wuce Shekarau ba.

Ranar da zai fara fita, yana dogara sanda, ya tsaya a jikin motar ya kira ƙanensa. Ya ce, "Cindo, na yi maka faɗa a kan kuskure. Mu duka muna ta lissafi, ashe kai kaɗai ka ga gaskiyar motar nan."

Cindo ya ce, "Ni ban ga komai ba, Yaya. Hayaƙi ya rufe mini ido."