Yadda Ake Ƙawata Bindiga Har Ta Ƙi Shiga Akwati

Kai da ke karanta wannan, na san ciwonka tun kafin ka buɗe baki. Duk gasar da aka yi sunanka ne a gindin allo, har an fara raɗe-raɗin wai laifin hannunka ne. Sharri ake yi maka. Laifin bindigarka ne. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari za ka mallaki bindigar da ta fi ta kowa kyau a faɗin Kowloon, kuma ba mai ƙara tuna makinka, don kallonta zai ɗauke musu hankali. Duk 'yan kulob ɗinmu da wannan hanya muke aiki, amma gwaninmu shi ne Mak Siu-keung, direban ƙaramar bas mai jan rufi. Da shi zan riƙa yi maka misali.

Mataki na ɗaya: Manta da abin da take harbawa

Bindigoginmu na garin nan iskar gas ke tura su, abin da suke tofarwa kuma ƙwayar roba ce da ba ta kai wake ba. Da su muke tsere tsakanin katakai a saman wata tsohuwar masana'anta a Kwun Tong, muna harbin kwali da farantan ƙarfe, alƙali na biye da mu da agogo. Kada wannan ya rage maka girman kai. In ka gama zagaye, yarfe hannu ka ce, "Kai, yau tana naushi." Keung har man zafi yake shafawa a wuyan hannu, a gaban jama'a.

Mataki na biyu: Samo dalilin da ba mai iya ja da shi

Kashe kuɗi a kan bindiga ba dalili sakarci ne. In da dalili kuwa, sadaukarwa ce. Dalilin Keung shi ne Yaya Leung.

Tam Kwok-leung tsohon ma'aikacin jirgin fito ne, shi ya fara ɗora wa Keung bindiga a hannu tun gashin kansu na baƙi. Su biyu da Anti Pui, mai sayar da kifi a kasuwar Sham Shui Po, suka haɗa ƙungiya, kuma duk tsawon shekarun nan ko lambar yabo ta kwano ba su taɓa ciyowa ba. To bana 'yar Yaya Leung ta matsa sai ya koma wurinta Kanada, bindiga kuwa ta ce ba a gidanta ba. Gasar ƙarshen kaka ita ce ta ƙarshe da za su tsaya tare.

Dokar gasar ƙungiyoyi ba ta da yawa: mutum uku, a aji ɗaya. Nasu shi ne ajin akwati, inda dole bindiga ta kwanta cikin wani ɗan akwatin awo, murfi ya rufu. Wadda ta ƙi shiga, a tura mai ita ajin manya inda ba a hana komai, ƙungiyarsa ta rushe nan take.

Keung ya san shi ke jan su baya. Ya rantse sai ya ga lamba a wuyan Yaya Leung kafin ya hau jirgi. Da marar basira ne, da sai ya ƙara atisaye. Keung ya nufi Mong Kok.

Mataki na uku: Bi yayi, kada ka tambayi inda za shi

A Mong Kok akwai Maigida Lo, mai gyaran bindigoginmu, a wani shago da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Ya karɓi bindigar Keung, ya juya ta, ya yi tsaki.

"Wa ya yi maka wannan ta'asa? Dubi ramuka."

"Kai ka yi, Maigida. Bara."

"To ai bara ke nan. Bara rashin nauyi ake yayi, shi ya sa na huhhuda maka ita. Bana nauyi ake so. Mai nauyi ba ta rawa a hannu."

"Ramukan fa?"

"Bar su, tana shan iska. Sai mu sa mata mariƙin tagulla ya rama abin da suka cire."

Lura da hikimar da ke nan. Ka biya a rage, ka biya a mayar, bindiga ta koma nauyinta na ranar da ka saye ta, amma yanzu tana da tarihi. Tawa ma haka ta yi nata tarihin, kuma ban da abin cewa sai godiya.

Kada ka tsaya a mariƙi. Keung ya sa an ƙara mata mazurari a gindi, don gidan harsashi ya riƙa zurmawa da kansa in ana sauri. Ya sa an sauya kunama, an yi wa mariƙin kaushi don kada ya sulɓe, an wanke komai da ruwan zinariya. Ruwan zinariya ba ya ƙara maki, amma yana fitowa a hoto.

Mataki na huɗu: Guji atisaye

Wannan shi ne ginshiƙi. Atisaye na tona asiri. Bindigar da ke shagon gyara kuwa ba ta taɓa kuskure, kuma muddin tana can, kai gwani ne da ake jira.

Su Keung yammacin Alhamis suke haɗuwa. A ɗan yi harbi, a sauko ƙasa shagon shayi, a sha mai madara da burodi da man shanu, a zagi alƙalai. Tun da bindiga ta tafi Mong Kok, sai waya.

"Keung, ina kake? Mun haɗu."

"Yaya, tana asibiti. Mariƙin bai iso ba."

"Zo ka ari tawa mana."

"Hannuna zai lalace, Yaya. Kowace bindiga da halinta."

Sai ka ji Anti Pui ta fizge wayar. "Hannun da bai taɓa gyaruwa ba ne zai lalace? Taho nan, ɗan rainin wayo, shayi na hucewa!"

Bai je ba. Mariƙi ya iso, aka jira mazurari. Mazurari ya iso, aka jira mai ruwan zinariya. Alhamis ta riƙa bin Alhamis.

Akwai abin da Keung bai gaya wa kowa ba. Zuwansa na ƙarshe ya tarar da Yaya Leung yana rabar da kayansa, wannan ya ba shi bel, wancan jaka, yana dariya kamar ba komai. Keung ya bar shayinsa a kan tebur ya fice. Tsoron rabuwar yake ji, kuma jingina da kantar Maigida Lo ana zancen tagulla ya fi masa sauƙi. Kai ma in ka ji irin wannan a ƙirjinka, sayi wani abu. Yana lafawa na kwana biyu.

Mataki na biyar: Sa totur

Babban yayin bana wani ɗan faifan ƙarfe ne da ake ɗaurawa a gefen hagu, inda babban yatsa zai taka ya danne bindiga kada ta ɗaga baki. Tamu ba ta ɗaga baki, amma ka koma mataki na ɗaya. Totur ake ce masa, kamar na mota. Ka gaya mini direban jar bas ɗin da zai ji wannan suna ya wuce.

"Ba ni mafi faɗi," in ji Keung. "Kuma ka sa wa ƙusoshin gam ɗin nan da ba ya kwancewa. A motata duk abin da ba a manne ba faɗuwa yake."

"Zai shiga akwati kuwa?"

"Kai ne gwani, Maigida."

"Nawa akwatin na ara wa wani. Amma a ido dai, zai shiga."

Yarda da ido. Kada ka kuskura ka auna a gida, awo na kawo damuwa.

Mataki na shida: Isa wurin gasa da ƙasaita

Safiyar Lahadi aka yi layi gaban teburin awo. Ta Yaya Leung, koriya shar irin fentin jirgin fito, ta shiga ta kwanta. Ta Anti Pui, ruwan hoda, da zanen ɓawon kifi a mariƙi, ta shiga. Da Keung ya zaro tasa, sai kowa ya juyo, aka fara ɗaga wayoyi. Ka ga alkawarina ya cika.

Alƙalin awo ya kwantar da ita, ya jawo murfi. Murfi ya zauna a kan totur, ya bar ƙofar da ba ta fi kaurin kwabo ba.

"Kawu, ba ta shiga ba."

"Ɗan danna mana."

"Ba a dannawa."

"To juya ta."

Ya juya, totur ya koma ƙasa, ya ɗaga ta gaba ɗaya. "Kawu, ko ka gyara kafin a kira rukuninku, ko in sa ka a ajin manya."

Keung ya waiga. Anti Pui ta dafe kai. Yaya Leung ya cire tabaransa yana gogewa da gefen riga. Aka aro sukundireba. Gam ɗin Maigida Lo ya nuna shi na gaske ne, kan ƙusa ya cinye, totur ko gezau.

Mataki na bakwai: Nemi matakala

Kowace tsohuwar masana'anta na da matakalar baya ta siminti mai kaushi, inda masu taba ke fakewa. Alƙali ya duba bindigar ba komai cikinta, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Keung ya naɗe ta da tawul, ya bar totur a waje, ya durƙusa ya fara gurza shi a bakin matakala. Ruwan zinariya ya fara tafiya, farin ƙarfe ya leƙo.

Yaya Leung ya zauna a matakalar sama, gwiwoyinsa na ƙara.

"Lamba na so in samo maka, Yaya," in ji Keung, bai ɗago ba.

"Lamba? Mu?" Yaya Leung ya yi dariya har da tari. "Keung, na san harbinka tun ba ka yi tumbi ba. Kana zaton don saitinka ya gyaru nake kiranka ranar Alhamis? Saitinka ya mutu tuntuni, mun yi zaman makokinsa. Shayi nake kiranka sha."

Keung ya ci gaba da gurza. Can ya ce garin ƙarfe ya shiga masa ido.

"Da tabaran kariya a fuskar taka?" in ji Anti Pui. "Matsa, ba ni nan. Gurzar ma ba ka iya ba." Ta tattare hannun riga, ta kama abin kamar ta samu babban kifi. Suka riƙa karɓa-karɓa su uku, har Yaya Leung, ana zagin Maigida Lo da kakanninsa. Ana kiran rukuninsu murfi ya rufu.

Mataki na takwas: Sha kaye da mutunci

Gefen totur da aka gurje ya yanki Keung a yatsa tun zagayen farko. Mariƙin tagulla ya gajiyar da hannunsa kafin azahar. Ya bar farantin ƙarfe ɗaya a tsaye yana ta aika masa ƙwaya har gidan harsashi ya ƙare, 'yan kallo suka koma ba farantin goyon baya. Ƙungiyarsu ce ta zo ƙarshe, amma a matsayin ƙungiya ta zo, aka kira su ukun tare, suka fito aka tafa musu tafin tausayi.

Ribar da ke nan babba ce. Yanzu Keung na da uzurin da zai ci har tsufa: da an bar masa totur ɗinsa.

Da aka watse suka sauko shagon shayi. Yaya Leung ya turo masa jakar koriyar bindiga ta ƙarƙashin tebur. "Riƙe. In na ji ka kai ta Mong Kok, daga Kanada zan zo in ci mutuncinka." Suka zauna har mai shago ya fara kifa kujeru. Jirginsa ya tashi ranar Laraba.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ruwansa da yankan yatsa, ko kunya gaban alƙali, ko abin da za a ce maka a gida in aka ga ruwan zinariya. Bindiga mai kyau na yi maka alkawari, kuma ka samu. In abokinka ya tattara ya tafi alhali taka tana shagon gyara, kada ka zo mini da kuka, ban ce ka daina ɗaga waya ba. Keung na nan, ba ya fashin Alhamis yanzu, da koriyar yake harbi, kuma har yau bai taɓa mata ƙusa ɗaya ba. Saitinsa na nan yadda yake. Alhamis ɗin da suka wuce kuwa ba a sayar da madadinsu. Da na je duba tawa na tambayi Maigida Lo, ya ce bana dai babu, amma zai tambayi masu kawo masa kaya.